Yankan Kacalla, Tsifar Kan Yarinya

Idan kitso ya daɗe a kan yarinya har ya cukurkuɗe, mai gajen haƙuri aska yake nema. Uwa kuwa zaunar da ita take yi tsakanin ƙafafunta, ta shafa mai, ta ɗauki tsinke ta bi layi-layi, tana yi tana lallashi. Abin da take so shi ne datti ya fita, gashi ya tsira.

Haka nake kallon gayyar da mutanen fadamar Haɗeja da Nguru suke yi wa kacalla. Ciyawar nan ta samu wurin zama ne bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A da kogi kan cika da damina ya janye da rani, saiwarta ta bushe. Yanzu ruwa marar zurfi yana kwance shekara zagaye, ga laka tana taruwa, sai ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana. Jirgin masunci ya rasa mashiga, gonar shinkafa ta koma daji, jan baki ya samu makwanci yana fita da asuba ya faɗa wa amfanin gona.

Wanda abin ya ci wa gona, ba na ganin laifinsa idan zuciya ta ce masa ya cinna wuta. Amma wuta ita ce askar. Sama kawai take ci, saiwar tana nan cikin laka za ta sake tofowa, alhali sheƙar tsuntsu da kunkuru da kwaɗo sun riga sun tafi. Maganin feshi kuma a cikin ruwan da ake sha, ake kama tarwaɗa da karfasa, ai ba abin da mai hankali zai so ba ne.

Masu aikin da suka san kan abin, cikin ruwa suke shiga har ƙugu da lauje, su yanke karan a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa, ta cikin karan nan iska take sauka zuwa saiwa, to idan ruwa ya rufe bakin yankan sai ta shaƙe. Aiki ne mai cin jiki, ga kaifin ganye, ga matsattsaku, ga tsoron tsargiya. Duk da haka mai lura yakan buɗa ciyawar da hannu kafin ya sa lauje, in ya ga ƙwai ya kewaye. A ja abin da aka yanka a tara a bakin gaɓa ya kwana, ƙananan halittun da suka maƙale su lallaɓa su koma ruwa. A bar wani yanki tsaye, domin 'ya'yan kifi da kirinjijiya suna bukatar maɓoya. Kada a manta, tsuntsaye daga Turai suke tasowa su yi hunturu a nan, shi ya sa a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da Marma cikin dausayin duniya masu muhimmanci.

Kuma kamar tsifa, ba a yi sau ɗaya a ce an gama. Ku masu kiran gayya, ku sa ranar komawa tun kafin a watse, kuma ku bar wa dattawan masunta su nuna inda za a fara da inda ba za a taɓa ba.