Adireshin Imel na Dindindin, a Gida da a Tafiya

Adireshin imel kashi biyu ne, alamar @ ce ta raba su. Abin da ke gabanta sunan mai akwatin ne, abin da ke bayanta kuwa sunan gidan da ke ajiye masa wasiƙu. Ray Tomlinson ne ya fara amfani da alamar haka a Amurka a 1971. Dawwamar adireshi tana ga kashi na biyun nan: ranar da alaƙar mutum da gidan ta yanke, adireshin ya tafi.

A farkon zamanin intanet, yawanci daga wurin aiki, ko jami'a, ko kamfanin da ke sayar da intanet ake samun adireshi. Wanda ya bar aiki ko ya gama karatu sai ya rasa akwatinsa. Tsarin da aka fi amfani da shi a lokacin, wato POP, yakan kwaso wasiƙu daga uwar garke, wato kwamfutar gidan da ke ajiye su, ya zuba a kwamfuta ɗaya, sannan ya goge su daga can. Matafiyin da ya bar kwamfutarsa a gida, ya bar wasiƙunsa ke nan.

A 1996 Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail, akwati na kyauta da ake shiga daga kowace kwamfuta mai intanet. Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, shekarar da Yahoo ya fito da nasa. Gmail na Google ya biyo baya ranar 1 ga Afrilu 2004. Tsarin IMAP kuma, saɓanin POP, yana barin wasiƙu a uwar garke, waya da kwamfuta leƙowa kawai suke yi. Shi ya sa saƙon da aka karanta a waya, a karance yake fitowa a kwamfuta.

Yau matsalar ta koma kan lambar waya. Kamfanonin nan suna lura da inda ake shiga akwati. Alhajin da ya sauka Jidda ya cire layinsa na gida ya sa na Saudiyya, in ya nemi buɗe imel a wata sabuwar waya, sai a ga shiga daga baƙuwar ƙasa, a tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ke naɗe cikin takarda a ƙasan jaka. In layin ba ya karɓar saƙo a waje, shi ke nan: kalmar sirrinsa daidai take, amma ƙofa a rufe. Alhali tikitin jirgi da takardar masauki suna ciki.

Tun kafin a tashi ake maganin wannan. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya ake amfani da ita; a rubuta su a takarda a ajiye tare da fasfo. Akwai kuma manhajoji irin su Google Authenticator, masu fitar da lambar tabbatarwa a cikin waya ko babu layi. Ya kamata a sa wani adireshin na biyu da za a iya farfaɗo da akwati ta kansa. Mai canza layi kuwa ya gyara lambar da ke akwatinsa kafin ya yar da tsohon, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba, kamfanin waya yakan sayar wa wani, kuma sabon mai shi ne zai riƙa samun lambobin.

Akwati ma yana mutuwa in an yi watsi da shi. Tun Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Wannan yana iya shafar ɗaliban da mai shagon intanet ya buɗe wa imel don rajistar jarrabawar JAMB, ba su ma karɓi kalmar sirrin ba. Wanda tafiya ta tilasta masa amfani da kwamfutar otal ko ta shago, kada ya yarda ta riƙe kalmar sirrinsa, ya fita daga akwatin kafin ya tashi, ya kuma canza kalmar in ya dawo gida.

Hanya mafi ɗorewa ita ce mutum ya sayi sunan gida na kansa, kamar masu ƙarewa da .ng ko .com. Da shi zai iya sauya kamfanin da ke ajiye masa wasiƙu ba tare da adireshinsa ya canza ba, muddin yana biyan kuɗin sabunta sunan duk shekara.