Daga Legas zuwa Accra a mota: abin da ango da amarya za su tanada kafin kama hanyar bakin teku

Wani matashi mai shagon waya a Agege ya tare ni bayan sallar Juma'a. Wata uku ke nan da aka kawo masa amarya daga Zariya, kuma tunda take ba ta taɓa ganin teku ba. Yana so ya kai ta Accra ta gaida gwaggonsa da ke Nima, a cikin motarsa. Ya ce, “Malam, ai hanyar ba ta kai kilomita 500 ba. In mun fita bayan asuba, da la'asar muna can.”

Lissafinsa na nisa daidai ne, kusan kilomita 460 ne. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙasa huɗu za su taka, su tsallake iyaka uku: Seme tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. A kowace iyaka ana buga hatimin fita, a buga na shiga. Hatimi shida ke nan ga kowane mutum a tafiya kaɗai, ban da dawowa. A waɗannan wuraren ne lokaci ke tafiya.

Tambayar farko da na yi masa ita ce ko amarya tana da fasfo. Sai ya yi shiru. Nan yawancin samarinmu ke tuntuɓe. Gaskiya ne dokar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90, amma kowa da takardarsa yake shiga. Fasfon miji ba ya ɗaukar mata, kuma shedar ɗaurin aure ba ta maye gurbinsa. Ko dai ta yi fasfo, ko ta karɓi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS a ofishin shige da fice. Waɗanda ke riƙe da takardun Nijar, kuma suna da yawa a unguwanninmu, su sani cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, sai dai ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo mai tambarinta har sai an sake sanarwa. Mai irin wannan takarda ya bincika halin da ake ciki kafin ya sa ranar tafiya.

Sai katin allurar shawara, wanda ake karɓa a ofishin Port Health. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya je ana gobe tafiya ya makara. Daɗinta, an yi sau ɗaya an gama har ƙarshen rayuwa. In kuwa amarya ta fara laulayi, a gaya wa likita kafin a yi mata, domin allura ce da ake taka-tsantsan da ita ga mai juna biyu. Za a samu masu cewa a bar katin, a “sasanta” a boda. Ni ban ba da wannan shawara ba. Kuɗin sasantawa sau shida ya fi na allura, ga tsayuwa cikin rana ana ciniki da kai a gaban matarka.

Mota ita ma da nata takardun. Akwai inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda kamfanonin inshora ke bayarwa, ita ce ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa. Akwai lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, sannan kwastan na kowace ƙasa za su yanka wa motar takardar shiga ta ɗan lokaci. Babbar matsalar ita ce suna. Da yawa cikinmu mun sayi mota a hannu, muna ta yawo da takardu masu sunan tsohon mai ita. A cikin Legas sai a shekara ba wanda ya tanka, amma a iyaka abin da za a fara dubawa ke nan. Wanda takardunsa ba su daidaita ba, ya ajiye motar ya hau bas. Kamfanoni irin su ABC Transport sun daɗe suna jigilar Legas zuwa Accra, kuma ma'aikatansu sun san yadda ake bi da fasfo a kowace iyaka.

Ita kanta hanyar, daga Mile 2 ake ɗaukar ta zuwa Badagry. A fita da wuri saboda cunkoso, kuma a sa rai da shingayen jami'ai barkatai daga Badagry zuwa Seme. A Badagry za a nuna muku wani gida da 'yan mishan suka gina a 1845, a ce shi ne bene na farko a Najeriya. Mu da muka san hasumiyar Gobarau ta Katsina sai dai mu yi murmushi, amma wurin ya cancanci a tsaya.

Shawarata ita ce a kwana a Kwatano. Daga Seme tafiyar ba ta da nisa, kuma akwai unguwar Zongo da babban masallacinta, inda za ku ji Hausa kamar kuna Sabo ta Ibadan, ku samu tuwo da masauki. Direba ya yi hattara da 'yan acaɓan garin masu rawayar riga, yawansu ya wuce misali. Kada a zuba man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, a nemi gidan mai. Washegari, bayan kilomita 40 sai Ouidah, inda aka gina wata ƙofa a bakin teku a 1995 don tunawa da bayin da aka kwasa daga nan zuwa Amurka. Daga Grand-Popo zuwa Lome ne amarya za ta ƙoshi da kallon ruwa da itatuwan kwakwa. Kallo kawai. Igiyar wannan gaɓar tana ja da ƙarfi, ko gwanayen iyo tana cinye su, balle mu da rafin damina kawai muka sani. A yi hoto daga kan yashi.

Faɗin Togo a bakin teku bai kai kilomita 60 ba, kuma iyakar Aflao tana manne da birnin Lome. Daga nan sai a ƙetare kogin Volta ta gadar Sogakope, a bi ta Tema a shiga Accra.

Kuɗi kala uku ne: naira, sai sefa da ake kashewa a Benin da Togo duka, sai sidi na Ghana. A yi canji tun a Legas a wajen ɗan canjin da aka sani, a raba kuɗin biyu, rabi a hannun amarya. Agogo kuma yana canzawa. Benin lokacinta ɗaya da namu, amma Togo da Ghana suna bayanmu da awa guda, sai a gyara don kada a ruɗe da lokutan salla. Mai tafiya yamma, teku na hannun hagunsa, alƙibla tana bayansa ta ɓangaren dama. Da yamma rana tana dukan idon direba kai tsaye, wannan ma dalili ne na a gama tuƙi kafin magariba, kuma kada a yarda dare ya riski mutum a iyaka.

Angon nan dai ya ɗaga tafiyar da wata ɗaya. An yi wa amarya fasfo da allura, shi kuma ya gano takardun motarsa har yanzu da sunan wani mutumin Ogun suke. Da muka haɗu makon jiya ya ce ya fara neman mutumin don a sauya suna, in bai same shi ba kafin ƙarshen wata za su hau bas, domin gwaggo ta riga ta aiko sau biyu tana tambayar ranar da za su iso.