Shin daɗewa da banki na sa a ba mutum katin bashi?

Baƙo a Amurka, ɗalibi ne ko ma'aikaci, kan tarar da wani abu mai ɗaure kai: banki ba ya son ba shi katin bashi sai ya ga tarihin yadda yake biyan bashi, shi kuma tarihin ba ya samuwa sai an taɓa ba mutum bashin.

Lamarin ba ƙarami ba ne, domin masu gidajen haya da dillalan motoci su ma kan duba wannan tarihi kafin su ƙulla yarjejeniya da mutum.

Kamfanoni uku ne ke tattara bayanan, wato Equifax da Experian da TransUnion. Daga bayanan ne ake fitar da makin FICO, wanda aka soma amfani da shi a 1989, kuma yake kamawa daga 300 zuwa 850. Biyan bashi a kan kari shi ke ɗaukar kashi 35 cikin ɗari na makin, yawan bashin da ake bin mutum kuma kashi 30.

To sai dai kuɗin da mutum ya ajiye a asusunsa ba sa shiga wannan lissafi. Ko da ya shekara goma yana ajiya, kamfanonin uku ba su san da zamansa ba muddin bai taɓa cin bashi ba.

A nan ne tsohuwar hulɗa ke da rana. Bankin da albashin mutum ke shiga yana ganin abin da sauran bankuna ba sa gani: nawa ke shigowa, yaushe yake shigowa, da kuma ko asusun kan ƙare ƙarƙaf kafin ƙarshen wata. Idan makin mai nema ya tsaya a kan iyaka, ko kuma babu makin sam, irin wannan sani kan rinjayi hukuncin.

Wasu bankunan ma ba sa ɓoye hakan. A 2023 bankin Chase ya fito da katin Freedom Rise domin masu fara gina tarihin bashi, ya kuma bayyana cewa samun aƙalla dala 250 a asusun bankin na ƙara wa mutum damar samun katin.

Amma sanayya tana da iyakarta. Ba ta goge tarihin ƙin biyan bashi, wanda kan zauna a kundin mutum har shekara bakwai. Haka kuma idon da ke ganin albashi shi ne ke ganin duk ranar da aka zari fiye da abin da ke cikin asusu, don haka wani lokacin bankin da ya fi sanin mutum shi ne ya fi saurin juya masa baya.

Wanda aka hana yana da haƙƙin sanin dalili, ƙarƙashin wata doka ta 1974. Da yawa kan koma ga katin jingina, inda mutum zai ajiye kamar dala 200 a ba shi kati na daidai adadin, har ya gina tarihinsa. Mai biyan dukkan abin da ya saya da katin kafin wa'adin kowane wata galibi ba a ɗora masa kuɗin ruwa, abin da ke da muhimmanci ga masu ƙyamar riba.

A Najeriya nauyin hulɗar ya ma fi haka. Yawancin katunan da ke hannun jama'a na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne, katin bashi kuwa bankuna sun fi ba wa waɗanda albashinsu ke bi ta hannunsu, saboda daga nan za a cire abin da ake binsu.

Lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 ta haɗa asusun mutum na bankuna daban-daban wuri guda. Daga watan Agustan 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar ƙwato bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum a wani bankin, idan ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar bashin.