Uwar garke a cikin gida: rumbun ilimi da ba ya jiran rezo

A ƙasar Dogo-Dogo, can kudancin jahar Damagaram, bakin iyaka da Najeriya, ba a yi wa manomi bayanin amfanin rumbu. Wannan komin, wadda da take cikin gundumar Magarya kafin ta koma ta Dungas a 2011, ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa, kuma kowane magidanci a cikinta ya san bambancin wanda ya cika rumbunsa da kaka da wanda yake awo tiya-tiya a kasuwa. Mai awo yana biya kullum, yana biya a farashin da aka yanka masa, ranar da hatsi bai shigo kasuwa ba kuwa iyalinsa su kwana da yunwa.

To, a sha'anin salula da intanet, kusan kowa mai awo ne. Duk lokacin da malamin lakkol ya buɗe wani shafi don shirya darasi, ko sakataren ƙungiyar manoma ya aika da lissafi, saƙon yakan bi waya ya tafi wasu manyan na'urori, galibi a Turai ko Amurka, sa'an nan amsa ta dawo. Kowace tafiya da kuɗinta, wanda ake cirewa daga forfen da mutum ya saya. Idan yara talatin suka karanta shafi ɗaya a wayoyi talatin, an biya sau talatin. Idan rezo ya ɗauke, littafin ya ɗauke tare da shi.

Hakan ya faru a idon kowa. A watan Agusta na 2023 aka katse wutar lantarkin da ke shigowa Nijar daga Najeriya, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A ran 14 ga wannan watan na Maris kuma, manyan wayoyi huɗu na intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka wayi gari aikinsu ya tsaya cik ko yana tafiyar hawainiya. Mutumin Dogo-Dogo bai taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru a ƙarƙashinta yana iya hana shi buɗe takardar da shi da kansa ya rubuta. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Mene ne uwar garke?

Waɗannan manyan na'urori da ke ajiye shafuka suna raba wa masu tambaya, su ake kira uwar garke. Sunan ya dace, domin ita ce sauran na'urori ke bi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba dole ne uwar garke ta zama ƙatuwa ba, ba dole ne kuma ta zauna a wata ƙasa ba. Kowace kwamfuta, in an sa mata manhajar da ta dace, tana iya yin wannan aiki a cikin ɗaki guda. Tana watsa wifi nata na kanta a kewayen gida ko lakkol, wanda ke da salula ya haɗa da ita, ya buɗe abin da aka ajiye a ciki, ba tare da ko dala ɗaya ta fita daga forfensa ba. A ƙasashe da yawa akwai masu sha'awar wannan aiki, waɗanda ba sana'arsu ba ce, suna yin sa da yamma bayan sun tashi daga aiki, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru.

Abu biyu ne suka sauƙaƙa wannan. Na farko manhaja ce mai ƴanci, wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa, ya duba cikinta, ya gyara. Mafi shahara ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma a kanta ne mafi yawan uwayen garken duniya ke tafiya. Na biyu wata ƴar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi, wadda aka tsara a birnin Kambirij na Ingila, aka fara sayar da ita a watan Fabrairu na 2012 a kan dalar Amurka 35, wato ƙasa da jika ashirin a kuɗin sefa na lokacin. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. An yi ta ne don yara su koyi rubuta manhaja, amma sai manya suka gane cewa tana iya kwana tana aiki da wutar da ba ta fi ta cajin salula ba.

Abin da ake zubawa a ciki

Rumbu ba hatsi banza ne. Manhajar da ta fi amfani wajen cika wannan rumbu ita ce Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka ƙirƙiro a 2007. Gaudin ya zauna a Mali, ya san ciwon rashin rezo ba a labari ba. Kiwix tana dunƙule kundin sani na Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda, a kwafe shi sau ɗaya, a yi ta karantawa har abada. Na Ingilishi da hotunansa ya kai kimanin jiga ɗari. Na Faransanci bai kai haka ba. Na Hausa kuwa ƙarami ne ƙwarai, katin memwar da ake sayarwa a teburin mai cajin waya ya ishe shi har da saura. Akwai kuma Kolibri, wadda ta fito a 2017, mai ɗauke da darussan lissafi da kimiyya, tana nuna wa malami inda kowane yaro ya tsaya. Ga masu aikin biro akwai Nextcloud, da aka fara a Jamus a 2016, wadda ke ajiye takardu da hotuna da jadawalin aiki a na'urar ma'aikatar, maimakon a ba wani kamfani na waje ajiya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a yankin. A 2012 shirin Afripédia ya raba ƙananan na'urori masu ɗauke da Kiwix ga jami'o'in Afirka masu aiki da Faransanci. Daga 2014 gidauniyar Orange ta fara kai wa wasu makarantun firamare, har da na Nijar, akwati mai Raspberry Pi da allunan lantarki don yara su yi karatu ba da intanet ba. Amma wanda ya fi ba da sha'awa shi ne aikin da ake kira Jerry, wanda wasu ɗalibai suka fara a Paris a 2011, matasan Abijan suka karɓe shi hannu biyu. Sukan tsinto kayan cikin tsofaffin kwamfutocin da aka zubar, su yanka jarkar roba mai lita ashirin, su ɗaure kayan a ciki, su sa Linux, sai ga uwar garke mai hannun ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani. Jarka kuwa, in dai a bakin iyaka ne, ba a nemanta da fitila.

Lissafin wuta

Tambayar farko da mutumin karkara zai yi ita ce ta wuta, kuma amsarta lissafi ne mai sauƙi. Raspberry Pi ta huɗu, wadda ta fito a 2019, tana cin kimanin wat biyar in aikin bai yi nauyi ba. A sa'a 24 ke nan wat 120. Farantin hasken rana mai wat 50, in ya sami rana mai kyau ta sa'a biyar, yana ba da kusan 250, wato ninki biyu na abin da ake bukata. Batir mai bolt 12 da amfiya 50 yana riƙe da 600. Tun da ba a son a zuƙe batir fiye da rabi, saura 300, wanda zai riƙe na'urar kwana biyu da ɗoriya ko da hazo ya rufe rana. Tsohuwar kwamfutar tebur irin ta cikin jarka tana cin wannan sau goma ko fiye, saboda haka ta fi dacewa da inda wutar NIGELEC ta kai. Tsohuwar kwamfutar cinya kuma tana tsakani, ga ta da batirinta a jiki.

Makarantar masu koyon rubuta manhaja

A nan ne amfanin ya wuce karatu kawai. Saurayi ko budurwa da ke son koyon rubuta manhaja a Dungas ko Magarya, babbar matsalarsa forfe ce, domin mai koyo yana komawa ga littafin jagora sau hamsin a yini. Alhali kuwa littafin jagoran harshen Python, da tarin tambayoyi da amsoshin masu sana'ar da ke Stack Overflow, duk ana samun su a dunƙule cikin Kiwix. Akwai kuma Git, wadda Torvalds ɗin nan ya rubuta a 2005: ita ce ke riƙe tarihin kowane gyara da aka yi wa aiki, ta faɗi wanda ya yi shi da ranar da ya yi, in an yi ɓarna a koma baya. Da ƴar manhajar Gitea, matasa biyar za su iya aiki ɗaya tare a kan uwar garken da ke ɗakin ɗayansu, kamar yadda ake gayya a gona.

Kuma wanda ya girka uwar garke da hannunsa, ya ga ta mutu ya tayar da ita, ya koyi abin da ba a samu a allo. Shi ne gobe zai iya rubuta wa bankin hatsi na ƙauyensu ƴar manhajar da ke ƙidaya buhun da ya shiga da wanda ya fita, da sunan wanda ya ci bashi da bazara zai biya da kaka, a cikin Hausa, da ma'aunin tiya da dami. Babu kamfanin waje da zai ɓata lokacinsa a kan wannan.

Rumbu yana son mai tsaro

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya ga hukumomin da za su yi sha'awar sayen irin wannan kaya. Sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Zafin watan Afrilu da Mayu a jahar Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙwaƙwalwar Raspberry Pi kuwa in ta kai 80 sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Dole a ajiye ta inda iska ke ratsawa, nesa da rufin kwano. Ƙurar hunturu tana toshe ta. Katin memwar yakan lalace in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Wifi ɗinta bai wuce ƴan taku kaɗan ba, ba ya ɗaukar wayoyi da yawa a lokaci guda sai an ƙara masa wata na'urar watsawa.

Mafi girman haɗari shi ne a ɗora amana a kan kwafi guda. Wanda ya cire takardunsa daga hannun kamfani ya maido su gida, ya ɗauki nauyin da kamfanin ke ɗauka. In na'urar ta faɗa hannun ɓarawo, ko ruwan damina ya zubo mata, ba wanda za a kai wa kuka. Ƙa'idar masu aikin ita ce kwafi uku: ɗaya a na'urar, ɗaya a wani faifai dabam, ɗaya kuma a wani gida ko wani gari. Haka nan kalmar sirri: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kundin sani ba ya bukatar kulle, amma sunayen marasa lafiya ko na masu bashi suna bukata, kuma tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta hau kan ƙaramin biro kamar yadda ta hau kan babba. Akwatin da aka kawo da biki, aka ɗauki hoto, aka bar shi ba wanda ya san sirrinsa, yakan ƙare a kabad ɗin darakta. Kuɗin da za a kashe a horar da mutum biyu ƴan garin, waɗanda ba za a yi musu canjin wurin aiki ba, ya fi kuɗin akwati na biyu amfani. Jami'ar Damagaram da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ba su rasa ɗaliban da za su iya ba da wannan horo a lokacin hutu.

Wani zai ce, ai tun 2025 Starlink ta fara aiki a Nijar, intanet na saukowa daga sama, me za a yi da rumbu? Amma ita ma ana biyanta wata-wata, kuma tasarta na cin wutar da ta ninka ta Raspberry Pi sau da yawa. Abin da ya fi ma'ana shi ne a haɗa su: inda akwai intanet mai ƙarfi, a gunduma ko a birni, a sauko da sabbin fayiloli, a ƙauye kuma uwar garke ta yi ta rabawa.

Saura batun harshe, wanda ya fi shafar waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci. An daɗe da sanin cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, baƙaƙen sukan gudu su bar shi. Shi ya sa a shekarun 1960 da 1970 ma'aikatan yaƙi da jahilci suka riƙa buga ƙananan jaridu da injin ronewo a garuruwansu, ba su jira maɗaba'ar Yamai ba. Mafi yawan abin da ke cikin Kiwix da Kolibri da Faransanci ne ko Ingilishi, kuma uwar garke ba ta fassara. Amma tana karɓar duk abin da aka ba ta: ƙasidun malaman gona a kan ajiyar wake a buhu mai ruɓi uku, littattafan yaƙi da jahilci in an ɗauki hotonsu shafi-shafi da salula, muryar ungozoma tana bayanin alamun haɗari ga mai ciki, tarihin gari daga bakin dattawansa. Sa'a guda ta magana, in an matse ta, ba ta kai mega talatin ba. Kati mai jiga 32 zai ɗauki fiye da sa'a dubu.