Asusun Dala: Yadda ajiyar kuɗaɗen waje ke tashi da faɗuwa da dokokin CBN

A unguwar Wuse Zone 4 da ke Abuja, ba sai mota ta tsaya ake fara ciniki ba. Da direba ya rage gudu a kusa da tsohon otal ɗin Sheraton, sai 'yan canji su taso daga gindin bishiyoyi suna ɗaga masa hannu, kowa na tambayar ko dala ce ko fam. Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a tsakiyar birnin, hedikwatar Babban Bankin Najeriya, CBN, take, inda ake rubuta dokokin da suka shafi kowace dalar da ke shiga ƙasar nan ko fita.

Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai wani asusun banki da ma'aikata da 'yan kasuwa da iyayen ɗalibai suka rungume shi hannu bibbiyu. Shi ne asusun ajiyar kuɗaɗen waje, wanda aka fi sani da asusun dala. Tun 1985 aka halatta shi, amma har yau tambaya ɗaya ce ke damun masu shi: ranar da suka buƙaci kuɗinsu, za a ba su a irin kuɗin da suka ajiye?

Yadda asusun ke aiki

Asusu ne a cikin bankin Najeriya, amma abin da ke cikinsa ba naira ba ce. Yawancin bankuna na buɗe shi da dalar Amurka da fam na Ingila da yuro, kowane kuɗi da lambarsa, duk a ƙarƙashin sunan mutum ɗaya. Ana neman lambar BVN da ta NIN, da katin shaida, da takardar da ke nuna adireshi, sau da yawa kuma da mutum biyu masu asusu da za su tsaya wa mai buɗewa.

Kuɗi na shiga ta hanya biyu: ko mutum ya kai tsaba ya zuba, ko a turo masa daga wani banki. Mai asusun na iya cire tsaba, ko ya tura waje, ko ya yi sayayya da kati, ko ya sayar wa bankin a zuba masa naira. Idan kuma yana son mayar da yuro zuwa dala, bankin ne ke yanka farashi, kuma akwai tazara tsakanin yadda yake saye da yadda yake sayarwa. A wannan tazarar ribarsa take.

Tura kuɗi waje na da nasa hidimar. Dalar da aka tura daga reshen banki a Garki zuwa wata jami'a a Masar ko Malesiya ba kai tsaye take tafiya ba. Saƙon na bi ta tsarin SWIFT, kuɗin kuma su ratsa ta wani banki mai shiga tsakani, galibi a New York. Kowane banki da suka bi ta hannunsa na iya cire ladansa, shi ya sa uba kan tura kuɗin makaranta cif, a ce masa sun isa da giɓi.

Daga laifi zuwa halacci

Akwai lokacin da riƙe kuɗin waje ba tare da izini ba kan kai mutum gidan yari. Dokar kayyade canjin kuɗi ta 1962 ta damƙa komai a hannun gwamnati, mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari kuma ya ƙara tsananta hukunci. A 1984 aka kama mawaƙi Fela Kuti a filin jirgin saman Legas da fam 1,600, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar.

A 1985 aka yi dokar soja da ta bai wa 'yan Najeriya damar buɗe asusun kuɗaɗen waje a bankunan cikin gida. A 1995, zamanin Janar Sani Abacha, aka maye gurbinta da dokar canjin kuɗi da ake aiki da ita har yau. Manufar a bayyane take: a janyo dalolin da ke ɓoye a gidaje da bankunan Turai su dawo cikin tsarin bankunan ƙasa.

Sai dai doka daban, takardun umarnin CBN daban. A watan Agustan 2015, bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, babban bankin ƙarƙashin Godwin Emefiele ya hana bankuna karɓar tsabar kuɗin waje a waɗannan asusai. Wanda ya je da dalarsa sai ya koma gida da ita, ko ya nufi Zone 4. Sai a Janairun 2016 aka janye hanin.

Bayan haka ma ba a daina sa tarnaƙi ba, musamman a kan yawan abin da mutum zai iya turawa daga tsabar da ya zuba. A Yulin 2021 CBN ya daina sayar wa kamfanonin canji dala. A 2022 bankuna suka rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da dama suka dakatar da shi baki ɗaya. Wannan ya tilasta wa duk mai biyan kuɗin jarabawa ko na wata manhaja a intanet neman asusun dala, ko da bai taɓa leƙa wata ƙasa ba.

Shekarar da naira ta zube

A ranar 14 ga Yuni, 2023, kwanaki kaɗan bayan Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Emefiele, CBN ya haɗe kasuwannin canji, ya bar mai saye da mai sayarwa su daidaita farashi. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. A wannan makon babban bankin ya sanar cewa masu asusun kuɗaɗen waje na da cikakken iko da kuɗinsu, kuma suna iya amfani da tsabar da suka zuba har dala 10,000 a rana.

Lissafin da ya ja hankalin jama'a mai sauƙi ne. Wanda ya sayi dala 10,000 a kasuwar bayan fage a Mayun 2023, lokacin da take wajen naira 750, ya kashe kimanin naira miliyan 7.5. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 wannan ajiyar ta haura naira miliyan 15, ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Maniyyata aikin Hajji sun ga ɗaya gefen lissafin a Maris na 2024, lokacin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nemi cikon sama da naira miliyan 1.9 daga waɗanda suka riga suka biya kuɗin kujera.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Waɗanda suka ruga suka sayi dala a kan naira 1,800 a Fabrairun 2024 sun wayi gari a Afrilu tana ƙasa da 1,200. Wanda ya ci bashi ya saya, ko ya sayar da fili don ya shiga sahu, ya ji a jikinsa.

Jita-jitar dala biliyan 30

A farkon Fabrairun 2024 wani rahoto ya bazu cewa gwamnati na shirin mayar da kimanin dala biliyan 30 da ke cikin waɗannan asusai zuwa naira. CBN ƙarƙashin Olayemi Cardoso da Ministan Kuɗi Wale Edun suka fito da sauri suka ƙaryata. Ba a taɓa kuɗin kowa ba, amma saurin da maganar ta yi wajen tayar da hankali ya nuna yadda yardar jama'a ke da rauni.

Tsoron na da tushe a abin da ya faru a wasu ƙasashe. Pakistan ta rufe asusun kuɗaɗen waje a Mayun 1998 bayan gwajin makamin nukiliyarta. Ajantina ta taƙaita cire kuɗi a ƙarshen 2001, sannan ta mayar da ajiyar dala zuwa kuɗinta a 2002. A Lebanon, tun 2019 masu ajiya ke fafutukar karɓar dalolinsu daga bankuna. A duk waɗannan wurare kuɗin na nan a rubuce a takarda, fitar da su ne ya gagara.

A makonnin da suka biyo bayan jita-jitar, jami'an EFCC sun kai samame Zone 4, kamar yadda suka yi a Nuwamban 2022. A ranar 1 ga Maris, CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173.

Abin da mai asusu ya kamata ya sani

Na farko shi ne inshora. A 2024 Hukumar Inshorar Ajiya ta Najeriya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamuncewa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan biyar. Da naira aka ƙayyade wannan iyaka, kuma idan dala na naira 1,500, ba ta kai dala 3,400 ba. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin da ya durƙushe, kamar yadda masu manyan ajiya a bankin Heritage suka gani bayan soke lasisinsa a Yunin 2024.

Na biyu, asusun ba maɓoya ba ne. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta kai rahoton duk kuɗin da aka tura waje ko aka turo da suka haura dala 10,000, kuma matafiyin da ke ɗauke da fiye da haka dole ya bayyana wa jami'an kwastam. Ga ma'aikacin gwamnati, akwai batun bayyana kadara. A kan rashin bayyana wasu asusai na dala da fam da yuro a wani reshen banki a Abuja ne Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen da laifi a Afrilun 2019, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Nuwamban 2024.

Na uku, mallakar dala bai ba kowa damar yanka farashin haya ko kuɗin makaranta da ita ba. Dokar CBN ta 2007 ta ce naira ce kuɗin ciniki a Najeriya, ƙin karɓarta kuma laifi ne.

Neman dawo da yarda

Tun daga 2024 gwamnati ta koma lallashi. A wannan shekarar ta sayar da takardun bashi na dala a cikin gida, ta nemi dala miliyan 500, ta samu sama da miliyan 900. A ƙarshen Oktoba ta buɗe wa'adin wata tara ga masu ɓoye da kuɗin waje su kai banki ba tare da tara ba. A Janairun 2025 CBN ya fito da sababbin asusai ga 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da za su iya ajiye naira da kuɗin waje, a watan Mayu kuma ya ƙaddamar da hanyar da za su samu lambar BVN ba tare da sun zo gida ba. Zuwa Yuli wasu bankuna sun dawo da amfani da katin naira a waje.

Ga ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Accra, akwai tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Janairun 2022, wanda ke ba shi damar biya da naira abokin cinikinsa ya karɓi sidi, ba tare da an bi ta dala ba. Cire Najeriya daga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido, a Oktoban 2025, shi ma zai iya rage bincike da jinkirin da bankunan waje ke yi wa kuɗin da suka fito daga nan.

Duk da haka, dokar 1995 na nan daram lokacin da aka hana zuba tsaba a 2015. Yawancin sassaucin da masu asusu ke morewa a yau ta takardar umarni ya zo, kuma wata takardar na iya soke shi. Shi ya sa har yanzu wasu ke raba ƙafa: rabi a banki, rabi a akwatin ƙarfe a gida. Su kuwa 'yan canjin Zone 4, bayan kowane samame sukan koma gindin bishiyoyinsu.