Ɗaga Motar Daji: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Daga watan Yuni zuwa Satumba, duk wanda ya sauka daga kan gudron ya nufi ƙauyukan Dakwaro, Mayayi, Tanut ko Keita ya san halin da hanya take shiga. Ruwa yana yanke gefen hanya, koramu suna kawowa, manyan motoci kuma suna barin kwari biyu masu zurfi da tudu a tsakani. Da cikin mota ya fara gugar ƙasa, shawarar da ake saurin bayarwa a garaji ita ce a ɗaga ta. Idan kai direba ne, ko mai mota, ko mai kula da motocin wata ma'aikata, yana da kyau ka san abin da wannan aiki yake canzawa tun kafin ka fitar da kuɗi. Ɗagi yana taɓa daɗin zama, da tuƙi, da birki, da kuma tsayuwar mota a kan ƙafafunta.

Abubuwan da ke ɗauke da mota

Tsakanin tayoyi da jikin mota akwai abubuwa biyu masu aiki tare. Na farko shi ne rasor, wanda wasu ke kira sifirin. Shi ke ɗauke da nauyi, yana lotsawa idan taya ta hau tudu, yana miƙewa idan ta faɗa rami. Akwai na faifayen ƙarfe da aka jera bisa juna, wato lam, akwai murɗaɗɗe, akwai kuma sandar ƙarfe mai murɗuwa. Na biyu shi ne amortisar, wanda a Najeriya ake kira shokozoba. Aikinsa kashe rawar rasor. Mai ne a cikinsa, yana bi ta ƙananan ƙofofi, kuma wannan matsi ne ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta wuce rami.

Motocin dajin da suka fi yawa a ƙasarmu iri biyu ne ta fuskar ƙafafun gaba. Toyota Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, tana da pon guda mai haɗa tayoyi biyu, gaba da baya. A 1999 aka sauya mata lam na gaba da murɗaɗɗen rasor, na baya kuwa ya ci gaba da zama lam. Prado tun daga 1996, da Land Cruiser 100 da ta fito a 1998, da Hilux na yanzu, kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin ɗagin da mai pon guda za ta jure yana iya lalata ɗayar.

Hanyoyin da ake ɗaga mota

Hanya ta farko ita ce a raba jiki da shasi, a sa ƴan gammo na roba mai tauri ko na ƙarfe a tsakani. Jiki ya hau, shasi da inji da pon suna nan inda suke. Amfaninta kawai samar wa babbar taya wuri.

Ta biyu ita ce a sa zobe bisa murɗaɗɗen rasor, ko a tsawaita maratayin lam, ko a ƙara ɗaure sandar murɗi. Ita ce mafi araha, kuma rasor da amortisar na asali ba a taɓa su.

Ta uku, wadda aka fi yi a garajojinmu, ita ce a ƙara lam ɗaya ko biyu, ko a kai tsofaffin wajen maƙeri ya ƙara lanƙwasa su da guduma. Lam da aka daka yakan koma yadda yake bayan ɗan lokaci, wanda aka gasa da wuta kuwa ƙarfensa yakan mutu, ya karye a hanya.

Ta huɗu ita ce a sayi cikakken jeri: rasor masu tsawo, da amortisar da aka auna daidai da su, da sauran ƙananan kayan gyara. Ta fi tsada, ta kuma fi kiyaye halin mota.

Tsawon da ake samu na gaskiya

A motar da ke da pon guda, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullutun da ke tsakiyar pon, wanda makanikai ke kira diferansiyel. Shi a kan tayoyi yake zaune, rasor yana bisansa. Saboda haka ko ka ɗaga mota da taki guda, tazarar da ke tsakanin ƙullutun da ƙasa ba ta ƙaru da komai ba. Tudun tsakiyar hanya da ya tare ka jiya zai sake tare ka gobe.

Abin da ɗagi yake kyautatawa shi ne hancin mota, da cikinta, da wutsiyarta: ba sa saurin dukan ƙasa lokacin gangara cikin korama ko hawa gaɓarta. Wannan amfani ne na gaske ga mai ƙetare gulbin Kaba ko kwarin Maggiya.

Taya ce kaɗai ke ɗaga pon, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Taya mai lamba 235/85 R16 tsawonta kusan santimita 80,6 ne, mai lamba 285/75 R16 kuwa kusan 83,4. Bambancin santimita 2,8 ne, abin da pon ya samu bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Babbar tayar kuma ta fi nauyi, tana rage wa mota ƙarfin ja, tana ƙara shan gazuwal, tana kuma ruɗa agogon kilomita. Idan agogo ya nuna 100, gudunka ya kusa 103 da rabi. Idan ya rubuta kilomita 1000, ka yi kusan 1035. Mai rubuta kundin tafiye-tafiyen mota da lissafin mai ya kula da wannan, kada a zargi direba da laifin taya.

Yadda zama cikin mota yake canzawa

Tsawo shi kaɗai ba ya sa mota ta yi tauri. Abubuwa uku ne ke jawo haka.

Na farko, ƙarfin rasor. Ɗauki misalin rasor da ke lotsawa santimita 1 idan aka ɗora masa kilo 50. In taya ta hau tudun santimita 5, bugun da yake turawa jikin mota kamar na kilo 250 ne. Ka ƙara lam har ya zama sai kilo 80 ke lotsa shi santimita 1, tudun nan dai zai turo bugun kilo 400. Idan mota tana cike da buhuna, nauyin yana danne wannan bugu, tafiya ta yi daɗi. Idan babu kaya, bayan mota ya riƙa tsalle, na zaune a baya su sha jijjiga, tayoyi kuma su riƙa rabuwa da ƙasa. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta bin sitiyari. Shi ya sa motar ɗaukar marasa lafiya, wadda galibi nauyin mutum huɗu ko biyar take ɗauka, ba ta dace da lam irin na motar dakon gero ba. Mace mai naƙuda ko mai karaya da aka ɗauko daga ƙauye mai nisa, kowane rami a jikinsu yake ƙarewa.

Na biyu, wurin miƙewa. Maƙeran mota suna ajiye ta a tsaka-tsakin tafiyar amortisar, domin taya ta sami wurin hawa da wurin sauka. Idan ka ɗaga da zobe ko da ɗaure sandar murɗi, ka bar amortisar na asali, ka cinye wurin saukar. Da taya ta faɗa rami sai amortisar ya kai ƙarshensa, ka ji ƙara kamar bugun guduma. A hankali robobinsa su mutu, wani lokaci mariƙinsa ya tsage.

Na uku, zafi. A hanyar jar ƙasa mai gargada, idan tsakanin tudu da tudu santimita 50 ne, kana gudun kilomita 60 a awa, kowace taya tana dukan tudu fiye da 30 a daƙiƙa guda. Man amortisar yana zafi, ya yi kumfa, ya daina riƙo, mota ta fara lilo kamar kwalekwale. Rasor mai ƙarfi da taya mai nauyi suna ƙara masa wannan aiki. Amortisar mai faɗin ciki, mai iskar gas a matse, ya fi jure irin wannan hanya.

Tuƙi, birki da kayan da ke ci

A Land Cruiser mai murɗaɗɗen rasor a gaba, hannuwa biyu ne ke riƙe da pon. Idan jiki ya hau, pon yana ɗan juyawa, karkatar nan da ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa ta ragu. Irin karkatar ce kake gani a ƙafar gaban babur. Alamar raguwarta ita ce mota ta riƙa yawo a kan gudron, direba yana ta gyara hannu. Sandar da ke hana pon zamewa gefe ita ma tana jan shi ɓangare guda. Duka biyun akwai kayan gyaransu, sai dai a tambaya.

A Hilux da Prado, sandunan da ke juya tayoyin gaba suna ƙara karkata, robar da ke rufe gaɓoɓinsu ta yage, yashi ya shiga. A irin waɗannan motoci ɗagin da ya wuce santimita 5 yana cin kaya da sauri.

Birki ma akwai abin lura. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux suna da wata ƴar na'ura a baya mai auna nauyin kaya ta hanyar tazarar jiki da pon. In jiki ya yi nisa, sai ta ɗauka mota babu kaya, ta rage ƙarfin birkin baya. Wanda ya ɗaga mota bai gyara sandar wannan na'ura ba, zai ɗauki cikakken kaya da birkin motar da ba kowa ciki. A duba kuma tiyon man birki, kada ya ɗame idan taya ta sauka ƙarshe, a kuma sunkuyar da fitilu domin kada su makantar da masu tahowa.

Hatsarin kifewa

Wannan shi ne babban abin tsoro. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, kuma duk yadda cibiyar ta yi sama, haka mota take saurin kifewa a kwana ko lokacin kauce wa dabba. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi: a raba faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu da ninki biyu na tsawon cibiyar daga ƙasa. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta fara auna motoci da shi a 2001. Ƙananan motoci sukan faɗa tsakanin 1,30 da 1,50, motocin daji tsakanin 1,00 da 1,30. Ƙaramar lamba, babban hatsari.

Ga misali domin ka gane. Mota mai faɗin santimita 150 da cibiya a santimita 75 tana da 1,00. Cibiyar ta hau zuwa 80, lambar ta sauko 0,94. A ce nauyin motar kilo 2500 ne, ka ɗora kilo 200 na jarkoki da tayar safiya bisa rufi, a tsawon santimita 210. Cibiyar ta kusa kai 90, lambar ta faɗi zuwa 0,84. Kayan bisa rufi sun fi ɗagin kansa ɓarna, haɗuwarsu kuwa ita ce mafi muni. Jarkar ruwa da ta mai wurinsu ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Rufi na katifa ne da tabarma. Kowa kuma ya ɗaura ɗamarar kujera, domin a kifewa wanda aka cillo waje shi ya fi rasa rai.

Kafin ka je garaji

1. Auna tsawon motarka daga tsakiyar taya zuwa bakin jiki, ka gwada da na irinta mai lafiya. Sau da yawa rasor ne ya gaji ya zauna, kuma sabo irin na asali ya isa ya mayar da santimita biyu ko uku.

2. Gwada rage iskar taya. A cikin rairayi, saukar da ita zuwa wajen kilo 1,5 da tafiya sannu ya fi ɗagi amfani. Ka mayar da iskar da zarar ka hau gudron, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe.

3. Lissafa kayan da motar take ɗauka kullum, ka zaɓi rasor daidai da su. Kada ka zaɓa domin lodin da ake yi sau biyu a shekara.

4. Kada ka wuce santimita 5. A Ostareliya, inda wannan sana'a ta bunƙasa, ƙa'idar da aka fi bi tana barin ɗagi har zuwa nan, abin da ya zarce sosai sai injiniya ya duba ya sa hannu.

5. Canza rasor da amortisar tare, dama da hagu lokaci guda.

6. Tuna cewa rasor mai ƙarfi bai ƙara nauyin da aka halatta wa mota ba. Adadin yana rubuce a allon ƙarfen da maƙera suka manna mata, domin pon da birki da shasi ba su canza ba.

7. Sanar da kamfanin inshora, kuma in motar sabuwa ce ka tambayi dillalin ko garantinta zai ci gaba.

Bayan an gama aiki, a daidaita ƙafafun gaba, a sake ɗaure kusoshin lam bayan kilomita 500 na farko. Kafin ka ɗauki mutane, nemi fili marar jama'a ka gwada birki da kwana, da kaya da kuma babu kaya, har hannunka ya saba da sabon halin motar. Idan direbobi biyu ko uku ke karɓa-karɓa da ita, a rubuta canjin a kundinta, a kuma faɗa wa kowannensu baki da baki cewa kwanar da ya saba sha da gudun 70 yanzu tana son ƙasa da haka.