Shin da gaske akwai kaliforniyam a ƙarƙashin ƙasar Borno?

Daga teburin mai shayi zuwa zaurukan WhatsApp a Maiduguri, ana ta yaɗa cewa akwai wani ma'adini mai suna kaliforniyam kwance a ƙasar Borno, wai shi Turawa ke kwashewa a ɓoye, shi ya sa rikicin yankin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Zancen ya cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Gaskiya ne akwai sinadari mai wannan suna, kuma giram ɗaya nasa kan kai miliyoyin daloli. Ana amfani da shi wajen tayar da tukunyar nukiliya da binciken rijiyoyin mai.

Ƙarya ne a ce ana haƙo shi. Masana sun san sinadarai 118, kuma kimanin 94 ne ake samu a halitta. Kaliforniyam shi ne na 98, ƙirar ɗan Adam ne. A 1950 Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, inda ya samo sunansa. A yau cibiyoyi biyu ne suka shahara da samar da shi: Oak Ridge a Amurka da Dimitrovgrad a Rasha.

Babbar hujjar ita ce ba ya daɗewa. Nau'in da ake sayarwa, mai lamba 252, rabinsa kan rikiɗe ya zama wani sinadarin cikin shekara biyu da wata takwas. Nau'in da ya fi juriya ma, rabinsa kan tafi cikin kusan shekara 900. Duniya kuwa ta kai shekara biliyan 4.5. Ko da an halicce ta da shi, da tuni ya ƙare.

To, me ke cikin ƙasa? Iskar oksijin da ke ɗaure cikin duwatsu ta kai kusan kashi 46 cikin 100 na ɓawon ƙasa, silikon kashi 28, sai alminiyam da baƙin ƙarfe. Yuraniyam ma halitta ce, ga shi ana haƙarsa a Arlit ta Nijar. Borno tana da kanwar Tafkin Chadi, da yumɓu, da duwatsun Gwoza da Biu, kuma kamfanin NNPC ya daɗe yana neman mai a yankin tafkin.

Saboda haka duk wanda ya kawo maka dutse a leda ya ce kaliforniyam ne, ɗan damfara ne. Ka riƙe kuɗinka.